Wa Ke Bin Mu Bashin Ɗinya?

Shekara goma sha ɗaya ke nan da faruwar abin, amma har gobe idan na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Wata ranar Talata ce cikin watan Oktoba, ina koya wa 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare darasin abinci mai gina jiki da mai kare shi daga cuta. Na ba aji baya ina zana hoton tuffa a allo, kamar yadda take a littafin da aka ba mu, sai na ji motsin leda daga can ƙurya. Ko da na waiwaya sai na ga wata yarinya, leɓɓanta da harshenta sun yi baƙi ƙirin kamar ta sha tawada, tana ƙoƙarin cusa wani ƙulli cikin hijabinta. Ɗinya ce. Na karɓe ƙullin na wurga shi ta taga, na ce mata nan aji ne, in kuwa daji take so ga hanya nan. Aji ya kwashe da dariya, ni kuma na koma kan tuffata.

Da aka kaɗa ƙararrawa sai ta biyo ni har bakin ofis, ta rusuna ta ce, "Malam, don Allah ita ɗinya ba ta cikin masu kare jikin ne?" Na ce mata, "Ba ta cikin manhaja." Ta ce, "To, Malam," ta juya ta tafi. Amsar da na bayar gaskiya ce, domin ɗinya ba ta cikin manhaja. Sai dai ba abin da ta tambaye ni ke nan ba, kuma tun a lokacin na san haka.

Tun daga ranar nake bin diddigin abin da masana suka gano a cikin 'ya'yan itatuwan dajinmu, musamman sinadaran nan da ake ta yayatawa yanzu a rediyo da jikin kwalaye. To amma da tafiya ta yi tafiya sai na ga tambayar yarinyar nan ta haifi wata wadda ta fi ta nauyi, kuma ita nake son mu tattauna da mai karatu. Mutum ya rayu a kan abin da bai shuka ba, bai yi wa ban-ruwa ba, bai ko san sunan abin da ke cikinsa ba. Ranar da aka zo aka faɗa masa darajar abin, mene ne ya hau kansa? Kuma wa zai biya?

Bari mu fara da sinadaran kansu, tunda ba a yanke hukunci a kan abin da ba a sani ba. Duk wanda ya taɓa ɓare goro ya ajiye ya ga yadda fuskarsa ke rinewa. Haka yalon da aka yanka aka bari, haka fartanyar da aka manta a gona damina ta wuce a kanta, haka man gyaɗan da ya daɗe har ya kama maƙaƙi. Duk wannan aikin iskar oksijin ne, wato ita dai wadda muke shaƙa mu rayu. Da ita jikinmu ke ƙona abinci ya sami ƙarfi, kuma kamar kowace wuta, wannan ma ba ta rasa tartsatsi. Tartsatsin wasu 'yan ɓarɓashi ne marasa natsuwa, kowanne yana yawo da ilektaron guda wanda ya rasa abokin zama, saboda haka duk abin da ya ci karo da shi sai ya fizge nasa, ko kitsen bangon ƙwayar jiki ne, ko furotin, ko ma ƙwayar gado. Wanda aka fizge wa shi ma sai ya fizgi na gaba, ɓarna ta yi ta yaɗuwa. A aji nakan kira su 'yan ta-kife, yara kuma ba sa mantawa. Su kuwa sinadaran da Turawa ke kira antoksidan, waɗanda zan riƙa kira masu hana tsatsa, aikinsu shi ne su miƙa wa ɗan ta-kife abin da yake nema ya lafa, ba tare da su kansu sun rikiɗe sun zama maɓarnata ba. Mai son gani da ido ya matsa lemon tsami a kan rabin yankakken yalo, ya bar ɗaya rabin haka nan, ya dawo bayan rabin awa.

Dangi ne babba. Akwai bitamin C, wanda akuya da tunkiya ke haɗa nasu a cikin hanta, amma ɗan Adam da biri ba sa iyawa, dole sai sun ci a abinci. Akwai bitamin E, irin wanda ake samu a man kaɗe da sauran mai na tsirrai. Akwai karotin, mai ba manja da karas launinsu. Sannan akwai gidan folifinol, wanda 'ya'yansa sun kai dubbai; cikinsu har da antosayanin da ke rina zoɓo ja, da tanin wanda harshen kowane Bahaushe ya sani ko da kunnensa bai taɓa jin sunan ba, domin shi ne baurin nan da ke kama baki idan ka yi garajen cin ɗanyar kanya. Da tanin ɗin bagaruwa majeman Kano da na Sakkwato suka daɗe suna jeme fata. Baƙin da na gani a bakin ɗalibata ma daga wannan gida ya fito.

Ga kuma abin da ya fi ci mini rai da na gano shi. Tuffar da na tsaya ina zanawa, bitamin C ɗin da ke cikin giram 100 nata bai wuce miligiram 5 ba. Lemon zaƙi yana da kimanin 50. Garin 'ya'yan kuka kuwa, wanda matan Fulani ke kaɗawa a nono, sau da yawa yakan kai miligiram 200 zuwa 300, ko da yake wata kukar ta fi wata nesa ba kusa ba. Gaskiya ne garin kuka busasshe ne, kuma babu mai zama ya cinye giram 100 a tashi ɗaya. Amma tunda abin da babban mutum ke buƙata a yini yana tsakanin miligiram 45 ne zuwa 90, gwargwadon hukumar da ta yi ƙiyasin, cokali biyu ko uku sun biya kaso mai tsoka. Nunu, wato 'ya'yan ɗanya, shi ma yakan zarce lemo. Magarya ma ba a bar ta a baya ba.

Wani abin lura shi ne yadda itatuwan nan suka raba wa kansu shekara, kamar masu gadi da ke karɓa-karɓa. Ɗinya tana nuna a ƙarshen damina zuwa kaka. Da hunturu ya kama sai ga magarya da kanya da aduwa da tsamiya. Kuka da goruba da kurna suna raka mu cikin rani, ɗorawa ta karɓa da bazara, lokacin da zafi ya kai maƙura kuma ɗanyen ganye ya yi wuya. Da ruwa ya sauka, rumbu ya yi ƙasa, ana noma da yunwa, sai kaɗanya ta fara zubar da 'ya'yanta. Mu da muka tashi a ƙauye muna kiwon awaki, ba mu taɓa ɗaukar waɗannan a matsayin abinci ba. Abinci shi ne tuwo. Waɗannan kayan ƙwalama ne da ake jifa a kaɗo a hanya. Ashe su ne ke cike gurbin da tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa suka bari.

To a nan ne tunani ya fara shiga. Ita kanya ba don ni ta tara tanin ba. Don kanta ta yi. Muddin ƙwallon cikin ɗanta bai ƙosa ba, ba ta son kowa ya taɓa shi, sai ta cika shi da bauri don tsuntsu da biri da ɗan kiwo su tofar. Ranar da ƙwallo ya ƙosa sai bauri ya ja baya, zaƙi ya shigo, launi ya canza, wato ta buɗe ƙofa ke nan, a zo a ci a kai mata iri nesa. Sauran sinadaran ma haka: wasu garkuwa ne daga zafin rana, wasu daga ƙwari da fumfuna. Itacen lambu yana da mai yi masa feshi da ban-ruwa, kuma shekaru aru-aru manoma suna zaɓen mai zaƙi suna watsar da mai ɗaci da bauri. Na daji ba shi da kowa, dole ya riƙe makamansa. Abin da muke ci mu amfana, makamin wani ne da ya tanada don yaƙin kansa.

Akwai wata kyakkyawar magana da ke son fitowa daga wannan, wadda na san marubuta za su so ta: wai wahala ce ke haifar da albarka, dubi ɗan itacen daji. Ni dai ina roƙon a yi hattara da ita. Mai ƙoshi ne yake jin daɗin faɗarta. Yaron da ya yini da kurna a ciki don babu abin da aka ɗora a gidansu, ba shi da wata fa'ida a kan wanda ya ci ƙwai da madara, kuma ba mu da ikon ɗaukar yunwarsa mu yi mata ado. Darasin da ni na gani ya fi wannan sauƙi. Tsakaninmu da itacen nan akwai ciniki tun fil azal: ya ba mu abin ci, mu kuma mu watsa masa iri, mu bar shi a tsaye. Shi bai taɓa saɓawa ba.

Mu ne muka saɓa, kuma ta hanya biyu. Ta farko raini. Hausawa sun ce, ido wa ka raina? Ya ce wanda nake gani yau da gobe. Harshenmu kansa shaida ne a kan yadda itatuwan nan suka shiga jininmu. Launin da wasu al'ummu suka nemo wa suna a wani wuri, mu ruwan ɗorawa muka ce masa. Ga Kukawa a Barno, ga Magarya a ƙasar Damagaram, ga Kurna da Ɗorayi da Giginyu a Kano. Amma da boko ya zo da littattafansa masu hoton tuffa da inabi, sai muka koyi jin kunyar abin da ke aljihunmu. Ban cire mu marubuta ba. A duba littattafanmu na soyayya a ƙirga sau nawa aka kawo wa saurayi tuffa da lemon kwali a faranti, sau nawa kuma aka ga tauraruwar labari tana gwaguyar goruba. In ka ga goruba ko aduwa a labari, to ana son a nuna maka talauci ne ko ƙauyanci. Alhali kwandunan goruba na cikin guzurin da aka samu a kabarin Fir'auna Tutankamun, wanda aka binne fiye da shekara 3,000 da suka wuce.

Sai a shekarar 2008 Tarayyar Turai ta ba da izinin sayar da garin kuka a ƙasashenta, bayan wata ƙungiyar 'yan kasuwa ta kudancin Afirka mai suna PhytoTrade ta nema. Dokarsu ta ce duk abincin da ba a saba ci a can ba kafin 1997 sabon abinci ne, sai an tantance shi. Ka ji fa, kuka ce sabon abinci. Shekara guda bayan haka Amurka ma ta amince. Daga nan kuka ta shiga leda mai ƙyalli, aka rubuta mata sunaye da lambobi, sai ga 'yan bokonmu, har da mai wannan rubutu, muna kallonta da sabon ido. Wannan abin kunya ne, ba na musu. Darajar da sai baƙo ya buga mata hatimi kafin mai ita ya yarda da ita, akwai alamar tambaya a kan mai ita.

Duk da haka ba na tare da masu cewa ai kakanninmu sun san kome, ɗakin bincike bai ƙara mana kome ba. Kakata, Allah ya jiƙanta, ta san kuka da nono suna gyara jiki, amma ba ta san tafasawa da daɗewar ajiya da kanwa suna kashe bitamin C ba. Ba ta san cewa shi wannan bitamin yana taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe daga wake da hatsi ba, ko cewa tanin, wanda muke yabo, yana hana wannan tsotsar, har ya sa ake ba mai ƙarancin jini shawarar kada ta haɗa shayi mai kauri da abinci. Ga mace mai ciki a ƙauyen da asibiti ke da nisa, wannan ba ƙaramin sani ba ne. Su kansu Turawan da wahala suka kai gare shi. A 1747 wani likitan jiragen ruwa, James Lind, ya raba matuƙa 12 masu ciwon nan da ke sa dasashi zubar da jini da haƙora girgiɗi gida shida, ya ba kowane gida magani daban. Biyun da aka ba lemo su ne suka miƙe cikin kwana shida. Amma sai a 1795 rundunar ruwan Ingila ta wajabta ba matuƙanta ruwan lemo, kuma sai a 1932 aka tabbatar da ainihin sinadarin da ke yin aikin. Tsakanin gani da ganewa akwai tafiya mai nisa, kuma wanda ya yi tafiyar ya cancanci a gode masa.

Hanya ta biyu da muka saɓa ita ce zuzutawa, kuma ita ce ta fi tashe a yau. Da aka ji cewa masu cin 'ya'yan itatuwa da ganye da yawa sun fi tsira daga ciwon zuciya da wasu cututtukan, sai aka yi wani lissafi mai kama da gaskiya: tunda masu hana tsatsa ne sirrin, me zai hana a tatso su a dunƙula a ƙwaya, a huta da tauna? Aka kuwa gwada. A ƙasar Finlan an bi maza masu shan taba su 29,133, aka ba wasu ƙwayar karotin, aka ba wasu ƙwayar da babu shi a ciki. Da sakamako ya fito a 1994, sai aka ga sankarar huhu ta fi yawa da kashi 18 cikin 100 a wajen waɗanda suka sha karotin ɗin. Wani gwajin a Amurka mai mutum 18,314 dole aka tsayar da shi a 1996 kafin wa'adinsa, saboda an ga ƙarin kashi 28 cikin 100. Daga baya aka ƙara fahimtar cewa su 'yan ta-kifen nan ba duka aikinsu ne ɓarna ba; da su fararen ƙwayoyin jini ke kashe ƙwayoyin cuta, kuma jiki yana da nasa dogaran da yake haɗawa da kansa don riƙe ma'auni. An kuma gano cewa yawancin folifinol ɗin da muke ci kaɗan ne ke shiga jini, saura sai ya wuce babban hanji inda ƙwayoyin halittar da ke zaune a can ke sarrafa shi. Shi ya sa a 2012 ma'aikatar noma ta Amurka ta janye jadawalin da ta wallafa na ƙarfin hana tsatsa na abinci iri-iri, domin abin da ya faru a kwalbar gwaji ba lalle ne ya faru a jikin mutum ba, ga shi kuma 'yan kasuwa sun mayar da jadawalin abin talla.

Amfanin cin ɗan itace dai yana nan daram, ba wanda ya rushe shi. Abin da ya rushe shi ne zaton cewa za a iya zare albarkar abu daga cikinsa a yar da sauran. Ɗan itace dussa ne da ruwa da zaƙi da tsami da sinadarai barkatai da ke aiki tare, a ɗan ƙaramin ma'aunin da ciki zai ɗauka. Wannan labari bai iso kasuwanninmu ba tukuna. Har yanzu mai lasifika yana tsaye a bakin tasha yana rantsuwa cewa garin goruba yana warkar da hawan jini, aduwa tana korar ciwon suga, kuma yanzu ya koyi cusa kalmar antoksidan a tsakiyar kirarinsa. Na san wani dattijo da ya ajiye ƙwayoyin da likita ya ɗora shi a kai saboda irin wannan magana, yau ɓarin jikinsa ɗaya ba ya motsi. Mai raini da mai zuzutawa, a ganina, laifinsu ɗaya: dukansu ba su tsaya sun dubi abin ba. Na farko ya ce ba kome ba ne don ba ya cikin littafi, na biyu ya ce shi ne kome don yana son ya sayar.

Yanzu sai mu dawo kan bashi. Mun saba cewa itacen daji ba wanda ya dasa shi, kuma haka ne. Amma duk wanda ya san gona ya san cewa ɗorawa da kaɗanya da kanyar da ke tsaye a tsakiyar gonakinmu ba haɗari ne ya bar su ba. Ranar da aka sare dajin aka mai da shi gona, wani mutum ya zo kan wannan ɗan tsiro da gatari a hannu, ya duba, ya wuce. Bayan shi ɗansa ya gaji gonar, inuwar itacen tana rage masa damin gero duk shekara, shi ma ya bari. Kaɗanya takan shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, ke nan wanda ya fara barinta sau da yawa ba shi ne ya more ta ba. Mun iya yabon wanda ya gina masallaci ko ya haƙa rijiya, domin aikinsa yana da suna kuma ana ganinsa. Wanda ya janye hannunsa kuwa ba shi da kirari, don abin da ya yi rashin yi ne. Amma bitamin ɗin da ya shiga jikina ina ɗan shekara bakwai, daga wannan janye hannun ya fito. A garinmu kuma akwai al'adar da ta cika alherin: itace na mai gona ne, amma abin da ya faɗo ƙasa na mai tsintuwa ne, ba a korar yaro daga gindin kanya.

Wannan shi ne wanda ke bin mu, kuma ya mutu, ba ya karɓar biya. Hanya ɗaya da ta rage ita ce a biya wa wanda bai zo ba tukuna, a bar masa abin da aka bar mana. Kuma kada a ce mafarki ne, domin maƙwabtanmu sun yi. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a yankin Maraɗi ya lura cewa 'yan kurmin da manoma ke sassabewa duk shekara ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, saiwarsu tana nan da rai a ƙasa. Abin da ake buƙata kawai a zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Manoma suka kira abin sassabin zamani, wasu kuma a ƙasar Damagaram da kansu suka farfaɗo da irin wannan dabara. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, hotunan tauraron ɗan Adam suka nuna kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa, wajen guda miliyan 200. Babban abin da ya taimaka shi ne manomi ya fara sakankancewa cewa itacen da ya bari nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba.

Sai dai zan yi wa mai karatu ƙarya idan na nuna masa cewa maganar ta ƙare a nan. Sanin darajar abu yana da nasa haɗarin. Ranar da garin kuka ya zama kayan fitarwa waje, ranar ce mai gona zai fara kakkaɓe ta tun ba ta gama bushewa ba, ya kuma kori yara daga gindinta, kuma ba za a ce ya yi zalunci ba tunda hakkinsa ne. Matar da ta sha rana ta tara, ta fasa, ta daka, ta tankaɗe, ita ce mai karɓar mafi ƙanƙantar kaso a cikin kuɗin ledar nan mai ƙyalli. Ɗanta kuma, wanda a da yake tsotsar kuka kyauta, a ba shi naira hamsin ya sayi ruwan leda mai launi da zaƙin sakarin. Idan ilimin da muka samu ya ƙare da kwashe abin daga bakin yaron ƙauye zuwa kantin birni, to raininmu na da ya fi yi wa yaron rana.

Akwai kuma tambayar da ta fi wannan ɗaci. Wa ke da bakin cewa talaka ya janye hannunsa? Bara da rani na bi ta bayan makarantarmu, inda wata tsohuwar ɗinya take a gonar wani dattijo, wadda nake kyautata zaton daga ita ƙullin nan da na wurgar ya fito. Na tarar da ita a kwance, masu gawayi suna daddatsa ta. Na sami mai gonar a ƙofar gidansa, muka gaisa, na ce, "Baba, ashe an kayar da ɗinya." Ya ce, "An kayar, Malam. Mai ɗakina aka yi wa aiki a asibiti." Ya faɗa mini abin da aka ba shi, kuɗin bai kai rabin albashina na wata ba. Na buɗe baki zan yi masa bayanin folifinol sai na ji nauyin kaina, na yi shiru. Shekara da shekaru ɗalibaina suna cin 'ya'yan itacen nan, ni da na san darajarta a takarda ban taɓa tunanin in tambayi mai ita ko yana da wata buƙata ba. Shi kaɗai muka bar wa ɗaukar nauyin alherin da dukanmu muke ci, sannan ranar da ya gaza muna shirin kiransa jahili.

Yanzu idan na zo darasin nan ba na zana tuffa. Nakan sa yara su zo da duk abin da ke nuna a lokacin. Mukan dama ɗan sitaci a ruwa mu ɗiga masa aidin ya koma shuɗi mai duhu, sannan mu riƙa ɗiga ruwan 'ya'yan itace muna ƙirgawa har launin ya washe. Wanda ya washe shi da ɗigo kaɗan shi ne mai ƙarfi. Gwaji ne na talaka, ba ya bambanta bitamin C da wasu 'yan uwansa, kuma nakan gaya musu haka. Amma ranar da jiƙon kuka ya washe kofi tun ana ƙirga da yatsun hannu, ruwan tuffa kuwa aka yi ta ɗigawa har aka gaji, na ga wani yaro ɗan ƙauye da ba ya magana a aji ya gyara zama.

Da damina ta sauka bana, kututturen ɗinyar Baba ya yi toho uku. Na je na roƙe shi ya bar su, muka yi yarjejeniya cewa duk kaka zan ba shi kwano biyar na gero a madadin abin da inuwar za ta rage masa nan gaba, ya yi dariya ya ce Malam ka cika rigima, amma ya yarda. Ni da 'yan aji biyu muka kewaye wurin da ƙaya. Awaki sun sami kafa sun cinye biyu. Ɗayan ya kai ƙugu.